Kada Mu Bari Sulallanmu Su Ɓace

'Yan uwa ɗalibai, wa ya taɓa riƙe naira biyu ta ƙarfe? Da aka yi wannan tambaya a ajinmu, yawancinmu shiru muka yi. A 2007 Babban Bankin Najeriya ya fito da sababbin sulalla: naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, da naira biyu mai ginin Majalisar Tarayya, kowace mai launi biyu. Yau ko mai shago ba ya karɓarsu. In suka ɓace, me za mu nuna wa ƙannenmu?

Muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu akwatin gilashi a laburare mu jera su. Mu kuma mu roƙi kakanninmu kwabo mai huji da sisi. Amma da izini, ban da ɗauka a ɓoye!