A Ja Benci Baya: Hanya Ba Gadon Kowa Ba Ce

Maganar da muka zo da ita a wannan fitowa ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maganar kuwa ita ce ta bencina da tebura da tukubar tsire da kaskon suya da suka cinye gefen titi a Sunkani, har ta kai mai tafiya da ƙafa ba shi da wurin taka ƙafarsa sai kan kwalta.

Kowa ya san yadda abin yake farawa. Mai shayi ya kafa teburi a bakin kwata. Bayan wata biyu ya ƙara benci ɗaya, don masu cin indomi da ƙwai sun yi yawa. Maƙwabcinsa mai tsire ya ga an yi gaba an bar shi a baya, shi ma ya turo tukubarsa. Mai ƙosai ta ɗora kasko kan murfin kwalbati. Sai masu saye su zo su jera babura a gaban bencin, mai keke ya tsaya a gaban baburan yana jiran fasinja. To, ku gaya mana, ina yaro ɗan Islamiyya zai bi? Ina tsohuwa mai sanda za ta bi? Makaho da ɗan jagoransa fa? Mace mai goyo, da kaya a ka? Dukkansu sai su sauka kan titi su yi kafaɗa da kafaɗa da tirela.

Titin nan kuwa ba lungu ba ne. Sunkani hedikwatar ƙaramar hukumar Ardo Kola ce, kuma hanyar da ta taso daga Jalingo ta nufi Garba Chede da Bali ta nan ta bi. Motocin hatsi da na katako da na dabbobi ba sa rabuwa da ita dare da rana. Direban da ya ɗauko buhu ɗaruruwa ba ya iya tsayar da mota cikin taku biyar, ko da birkinsa sabo ne. Lokacin da cinikin shayi da tsire ya fi kankama, wato tsakanin magariba da isha'i, shi ne kuma lokacin da ido ba ya gani sosai, ga hayaƙin tukuba, ga fitilar mota mai zuwa tana kashe ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, sama da ɗaya cikin biyar masu tafiya da ƙafa ne, kuma nahiyar Afirka ce abin ya fi yi wa ɓarna. Waɗannan mutane ba su tuƙa komai ba. Tafiya kawai suke yi.

Mun san amsar da za a ba mu, don mun sha jin ta. Ta farko: “Malam, abinci muke nema.” Gaskiya ne, mu ma 'yan kasuwa ne, mun san yadda rayuwa ta koma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023. Mun san farashin gwangwanin madara da kiret ɗin ƙwai, mun san kuɗin hayar shago. Ba wanda ya ce a daina sayar da shayi. Teburin mai shayi shi ne gidan abincin leburan da ba shi da mata a gari, shi ne masaukin direba, shi ne majalisar da ake jin labarin duniya. Abin da muke cewa a ja shi baya. Neman halal ba ya halatta cin haƙƙin wani. Wanda ya san daɗin shayinka zai tako taku uku ya same ka.

Ta biyu: “Ai muna biyan tikitin ƙaramar hukuma.” Tikiti kuɗin izinin sana'a ne, ba takardar sayen titi ba ce. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da shaguna da rumfuna da wuraren sayar da abinci, ya kuma ɗora musu kula da tituna da magudanan ruwa. Ke nan hannun da ke karɓar kuɗin tikiti, shi ne ya kamata ya riƙe igiyar awo. Karɓar kuɗi a kau da kai ba aiki ba ne. Wannan kuma saƙo ne ga masu karɓar haraji, ba ga masu biya kaɗai ba.

Ta uku: “Gaban gidana ne.” Gidanka ya ƙare a inda katangarka ta ƙare. Daga nan zuwa kwalta na jama'a ne, Musulmi da Kirista, ɗan gari da baƙo, har da akuyar da aka koro daga kiwo.

Addini bai bar wannan babi a buɗe ba. A hadisin Abu Sa'idil Khudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanyoyi. Da suka nuna ba su da wata majalisa sai nan, bai kore su ba, sai ya gindaya musu sharaɗin ba hanya haƙƙinta, ya lissafa runtse ido da kame cuta da amsa sallama da umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Ku lura, izini ne mai sharaɗi. Bencin da ya tura yaro gaban mota ya kame cuta? Majalisar da mace ke jin nauyin ratsawa, har ta gwammace ta bi ta tsakiyar titi, ta runtse ido? A wani hadisin kuma an yanke cewa in an yi jayayya kan faɗin hanya a bar mata zira'i bakwai, wato kamar mita 3 da rabi, a zamanin da babbar abin hawa ita ce raƙumi da kayansa. Imam Gazali a Ihya'u ya ware fasali kan munkarorin tituna, ya ambaci gina dakali da ɗaure dabba inda za su ƙuntata wa masu wucewa, da yanka a bakin hanya jini na kwarara, da watsa ruwa da ɓawon kankana inda mutum zai zame. Shekara 900 ke nan da wannan rubutu, kamar jiya ya zaga kasuwarmu.

Kada a ɗauka masu abinci kaɗai muke nufi. Ma'auni ɗaya ne ga kowa: buhunan da ake jibgewa a ƙofar shago, rumfar biki, kujerun zaman makoki, tabarmin masallaci idan an idar da salla. Abin da lalura ta kawo na awa ɗaya daban, abin da aka kafa aka yi masa rufin kwano ya zama na dindindin daban.

Su ma ƙasashen da suka shahara da cin abinci a bakin titi ba sakaka suka bar abin ba. A birnin Faris na Faransa, mai gidan abinci sai ya nemi izini ya biya kafin ya fitar da kujera, kuma dole ya bar wa masu wucewa aƙalla mita 1.6. A nan gida kuwa mun ga yadda gwamnati ke yi in ta tashi. A Legas, a shekarar 2016, gwamnatin Ambode ta farfaɗo da dokar 2003 mai hana ciniki a titi, tarar naira 90,000 ko wata shida a kurkuku, mai saye da mai sayarwa duka. A Kano 'yan kasuwa sun san abin da ke biyo baya in 'yan KAROTA suka zo share hanya: a kwashi kaya, a yi ta sintiri ana roƙo. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ranar da babban haɗari ya auku a bakin teburin wani, Allah Ya kiyaye, ba za a zo da igiyar awo ba, da mota za a zo a kwashe na mai laifi da na marar laifi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman. Iyayenmu fatauci da malanta suka kawo su wannan ƙasa, suka zauna da Mumuye da Kona da Fulani da sauran ƙabilu, jarinsu na farko kuwa shi ne mutunci. A jihar Taraba ba sai an gaya wa kowa yadda ƙaramar magana ke zama babba ba. In babur ya buge ɗan wani saboda benci ya tare hanya, ba za a ce bencin wane ba ne, cewa za a yi Hausawa sun tare hanya. Kada mu ba mai neman magana abin faɗa a kan kofin shayi.

Ga abin da muke kira a yi, kuma ba ya buƙatar kwangila. Mai unguwa da dattawa da shugabannin masu shayi da na mahauta su zauna su fitar da iyaka: kamu huɗu daga bakin kwalta, wato kamar mita 2, kada a ga benci ko teburi ko kasko. A ja layi da fenti ko a kafa turaku kowa ya gani. A jera benci a tsawon bango, ba a gicciye ba. Murfin kwalbati a bar shi fili, a daina zuba toka da ruwan wanke-wanke a kwata. Babura su sami wurin ajiya a gefe ɗaya. Masu gidajen da ke da fili a ciki su ba da haya da rangwame, akwai lada a ciki. Wanda ya ƙetare layi a yi masa magana sau biyu, na uku a kai shi gaban mai unguwa. Ku kuma masu zama, in kun iske benci a kan hanya, ku ɗaga shi ku ja baya kafin ku ce a haɗa muku shayi. Mai shayi ba ya faɗa da mai ba shi kuɗi.

Ribar benci guda a dare ba ta kai kuɗin ɗaurin karaya ɗaya ba, balle ran ɗan mutum. A ja shi baya tun muna iya yi da hannunmu. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mana 'ya'yanmu a hanya.