Sallah a Gidan 'Yan Uku

Duk wanda ya shiga gidan 'yan uku a Kontagora ranar Sallah, yaran yake yaba wa: shadda iri ɗaya, hula iri ɗaya, ma sha Allah. Ba a cika tambayar uwarsu ko ta runtsa daren jajibere ba. Bayan uwa ɗa ɗaya yake ɗauka, ga su kuwa sun kai shekarun tatata, wannan ya nufi murhu, wancan ya nufi ƙofa, na ukun yana ihu a goya shi. A Babbar Sallah abin ya fi tayar da hankali, domin kaskon suya cike da tafasasshen mai a tsakar gida yake, ga wuƙaƙe a ajiye. Maigida ma da nasa: ɗinki uku, takalma uku, a Ƙaramar Sallah kuma zakkar fid-da-kai sa'i guda kan kowane yaro, alhali tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin komai ya ɗaga. Ni a ganina, kuɗin barka da Sallah da muke miƙa wa yaran ba su ne babbar buƙatar gidan ba, hannu ake nema. Kafin ku tafi kallon hawan Sarkin Sudan, goggo ko ƙanwar maigida ta zauna da yara biyu har uwar ta yi wanka, ta ci abinci a zaune. Maƙwabta, ku aika da tuwo da wuri, ku ɗauke mata girkin ranar.