JIRGIN WASAN ƘANENA DA DARASIN DA KE CIKINSA

A hutun da ya gabata, ƙanena ya ƙwaƙule 'yar na'urar wata motar wasa mai rimot da ta lalace, ya ɗora ta a kan jirgin ruwa da ya ƙera da gwangwani da soso. Muka ɗunguma zuwa wani kududdufi kusa da kogin Antau a nan Keffi. Yana danna rimot sai jirgin ya karkace, ya kife, yara suka bushe da dariya. Da muka duba sai muka ga batir yana can sama, cikin jirgin kuwa wayam. Muka sauko da batirin ƙasa, muka jera ƙusoshi a tsakiyar ƙasan jirgin, muka liƙe su da gam don kada su gangara gefe. A karo na biyu jirgin ya ɗan ƙara nutsewa, amma ya tafi sambal. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, yaya sunan wannan nauyin da Hausa?" Na yi shiru, ni ɗalibin Hausa.

Ya kai mai karatu, abin ya wuce wasan yara. Jirgi yana ture ruwa daidai nauyinsa, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan kowane kilo da aka ƙara, sai jirgi ya ƙara nutsewa. Amma inda aka ajiye nauyin shi ne magana. In yana ƙasa kuma a ɗaure, shi ke maido da jirgi duk lokacin da igiyar ruwa ta karkata shi. In yana sama, ko yana yawo, shi ke kifar da shi.

Manya ma sun yi kuskuren ƙanena. A shekarar 1628 jirgin yaƙin ƙasar Suwidin mai suna Vasa ya fita tafiyarsa ta farko ɗauke da igwa 64. Nauyin samansa ya rinjayi duwatsun da aka zuba masa a ƙasa, iska ta kaɗa shi, ya nutse bai ko yi kilomita biyu ba. Sai a 1961 aka tsamo shi.

A gida kuwa, wa zai manta da Nuwambar 2021, lokacin da kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai ta jihar Kano, mutane aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta? Lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin. A jiharmu ma mutanen Loko da Umaisha kullum suna kan ruwan Binuwai.

To, ina ruwan ɗalibin harshe? A ganina ruwanmu ne tsundum. Matuƙin kwale-kwale ya san aikinsa, amma fasinjan da ya miƙe tsaye, ko ya dage sai an ɗora masa buhuna a sama, bai san abin da yake jawowa ba. Da Hausa za a fahimtar da shi. Wasu za su ce wannan aikin 'yan kimiyya ne. Haka ne, sai dai iliminsu na kwance cikin Turanci, kuma mu ne gadar da zai bi ya isa bakin ruwa.

Don haka ina ba da shawarar mu kira shi "nauyin daidaito", wanda yake da kalmar da ta fi wannan kuma ya kawo. Amma kafin mu ƙirƙira, mu je wurin masunta da maƙeran jirgi mu ji yadda suke faɗa, mu rubuta. Ƙungiyarmu ta ɗalibai za ta iya kai irin wannan jirgi da baho makarantun firamare, yara su kifar da shi, su gyara da hannunsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ga jirgin gwangwani ya kife a baho ba zai miƙe tsaye a tsakiyar kogi ba.