Kifin gida da kifin ƙanƙara: magana ga 'yan kasuwa da dillalai

Mu 'yan hatsi ne, mudu da tiya muka sani, amma yau a kan kifi za mu yi magana, domin kuɗin kifi yana biyowa ta rumfunanmu.

Kifi iri biyu ne a kasuwa yanzu. Akwai na gida, watau tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa da kurungu, waɗanda ake kamawa a Tafkin Chadi wajen Baga, da Yawuri a bakin Kwara, da fadamun Hadeja da Nguru. Akwai kuma na ƙanƙara, irin su taitus da shawa, wanda jirgin ruwa ke kawowa Legas daga ƙasashen Turai. Ba mu ce na ƙanƙara haram ne ba, talaka ya ci ya ƙoshi. Amma a duba inda kuɗin kowanne yake kwana.

Kwalin banda ɗaya, kafin ya iso hannun mai miya, masunci ya ci, mai saƙar taru ya ci, mai itace da matan da suka yi bandar sun ci, fatoma da dillali da ɗan dako da direba duk sun samu rabonsu. To, mutanen nan me suke yi da kuɗin? Gero da dawa da masara suke saye, da gishiri da manja da atamfa. Motar da ta kai banda Anaca ba ta dawowa wayam. Shi kuwa na ƙanƙara, da dala ake sayo shi, mafi yawan kuɗin ya haye teku ke nan. Da aka saki farashin naira a 2023, kowa ya ga yadda kwalinsa ya yi tashin gwauron zabi, alhali ba mu da ta cewa.

Mun kuma ga abin da ke faruwa in kasuwar kifi ta tsaya. A 2015 Boko Haram suka afka wa Baga, a shekarar nan kuma hukuma ta hana cinikin kifi a jihar Diffa ta Nijar. Masu sayen buhu suka koma sayen mudu, masu mudu suka koma jiran taimako a sansani. Ɗan hatsin da ke kai kaya can bai manta ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗa wa masu kifin gida ita. Wanda ke zuba Gamalin a ruwa don ya kwashi kifi, da wanda ke fesa fiya-fiya a banda don ƙwari, su ne ke kore mana masu saye, kuma suna cutar da bayin Allah. Haka mai taru mai ƙananan idanu, yana cin kifin baɗi tun bana. Dillali ya sansana kaya kafin ya karɓa, in ya ji warin magani ya mayar, ko na wane ne. Sarakunan ruwa su tsaya a kan masuntansu.

Saboda haka muna kira ga masu sari da masu gidajen abinci, in farashi ya yi kusa da juna, a fifita na gida. A biya masunci a kan lokaci, kada a riƙe masa kuɗi har kasuwa biyu, domin shi ma bashin gero ne a wuyansa. Da arziki a garin wasu, gara a naku.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalam.