Sabon jirgi mun gani, ina aka horar da matuƙinsa?

Duk lokacin da wani kamfani ya sayo sabon jirgin sama a ƙasar nan, shagali iri ɗaya ake yi. Motocin kashe gobara su yi masa feshin ruwa, manya su yanka kyalle, a shiga ciki a shafa kujeru, a ɗauki hotuna. Haka aka yi da Air Peace ya karɓi Embraer E195-E2 na farko a 2021, haka aka yi da Ibom Air ya kawo Airbus A220. Ban ƙi shagali ba. Abin da ke damuna shi ne a cikin jawaban ranar, da wuya ka ji an faɗi inda mutum biyun da za su zauna a gaban jirgin suka koyi tuƙa shi, ko makonni nawa suka yi suna koyo.

Mu mutanen yankin Sakkwato muna da haƙƙin yin wannan tambaya fiye da kowa. Filin jirgin sama na Sultan Abubakar III yana kan hanyar Boɗinga ne, kuma manomin da ke noman gero a ƙauyukan da ke kewaye da shi yana ganin cikin jirgi da tayoyinsa a saman kansa kafin fasinja ya ga ƙasa. In kuma ka miƙe da hanyar ka isa Shagari, ka isa garin da aka yi zaman makokin ɗa saboda jirgi. Ranar Lahadi, 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC samfurin Boeing 737-200 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato, ya faɗi a Tungar Madaki jim kaɗan da barin titi. Mutum 96 suka rasu cikin 105. A cikinsu akwai Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, da ɗansa Sanata Badamasi, da mataimakin gwamna Garba Muhammad, da Sanata Sule Yari Gandi, da Abdulrahman, ɗan tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari. Allah Ya jiƙansu da rahama.

A lokacin, hirar gari ta tsaya ne kan tsufan jirgin. Rahoton hukumar binciken haɗurran jiragen sama ya nuna wani wuri dabam. Matuƙan sun tashi alhali sun san yanayi ba shi da kyau, suka faɗa cikin irin iskar hadarin nan da ke juyawa farat ɗaya: yanzu tana bugun jirgi ta gaba tana ɗaga shi, kafin ƙiftawar ido ta koma ta baya, fukafukai su rasa abin dogaro. Akwai ƙa'idar fita daga wannan tarko. A ba injin wuta gaba ɗaya, a ɗaga hancin jirgi daidai gwargwado, kar a zarce. Su kuwa sun ɗaga hancin fiye da kima har jirgin ya kasa riƙe kansa a sama. Sai kuma rahoton ya ƙara da abin da ya kamata a ce kowane ɗan majalisarmu ya haddace: na'urar kwaikwayon tuƙin da aka yi musu bita a kanta ba ta dace da koyar da tsira daga wannan iska ba. Wato sun je horo, an sa hannu a takarda, amma ba su yi atisayen abin da ya zo ya same su ba.

Na san za a ce ajali ne. Ajali ne, babu musu. Amma wanda ya ce a yi tawakkali shi ya ce a ɗaure raƙumi, kuma a harkar jirgi igiyar ita ce horo.

Da yawa daga cikinmu na zaton wanda ya iya jirgi ya iya jirgi. Ko a tashar mota ba haka abin yake ba, direban tasi ba ya wayar gari ya hau tirela don kawai yana da lasisi. Matuƙin da ya shekara goma a kan Boeing 737, ranar da aka ce ya koma Airbus, ɗalibi ya zama. Boeing sitiyari ne a gabansa da yake kamawa da hannu biyu. Airbus ɗan ƙaramin maɗauki ne a gefe, kuma kwamfuta ce ke tsakanin hannunsa da fukafukai. Sai ya koma aji ya karanci yadda mai, da wutar lantarki, da birki, da injin wannan samfuri suke aiki, ya ci jarrabawa. Daga nan ya shiga na'urar kwaikwayo, wani ɗaki ne a kan ƙafafun ƙarfe masu motsi, cikinsa tamkar gaban jirgin gaske, har da ƙara da girgiza. Malami na zaune a bayansa yana kashe masa injin ɗaya daidai lokacin tashi, yana kunna masa gobara, yana rufe masa gari da hazo. In ya haye, sai ya fara ɗaukar fasinja tare da kyaftin mai horarwa har a gamsu. Bayan haka ma, duk wata shida sai ya koma na'urar an sake gwada shi.

Wannan duka kuɗi ne, kuma nan ne shaiɗan ke shiga. Shekara 12 cif bayan Tungar Madaki, ranar 29 ga Oktoba, 2018, sabon jirgi fil na Lion Air samfurin Boeing 737 MAX ya faɗa teku a Indonesiya da mutum 189. Ranar 10 ga Maris, 2019, wani irinsa na kamfanin Habasha ya faɗi da mutum 157, ciki har da 'yan Najeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. An tallata wa kamfanoni jirgin ne da cewa matuƙan tsohon 737 ba sa buƙatar shiga na'urar kwaikwayo, ɗan darasi a kan allon kwamfutar hannu ya wadatar. Alhali an saka masa wata manhaja mai suna MCAS da ke dunƙufar da hancin jirgi da kanta, kuma matuƙan jirgin farko ba a ma gaya musu akwai ta ba. Sai da aka rasa rayuka 346, aka dakatar da samfurin kusan shekara biyu, sannan hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta wajabta horon da aka so a kauce wa.

Matsalarmu a gida ta fi kama da ta rashin wuri da rashin dala. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana nan tun 1964, ta yaye matuƙa masu yawa, amma lasisin da matashi ke fitowa da shi ba ya ba shi damar zama a gaban jirgin fasinja sai ya ƙaro shaidar ƙwarewa a kan wani samfuri. Wannan kuwa yawanci a waje ake yi, da dubban daloli. Gwamnatin Kano a zamanin Kwankwaso ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙi, kuma da dama sun dawo sun daɗe ba aiki saboda wannan mataki na ƙarshe. Na'urar kwaikwayon Boeing 737 da gwamnatin tarayya ta saya aka kafa a Zariya ta kwashe shekaru kafin a fara maganar cin moriyarta, kamfanoni na ta layin biza da canjin kuɗi don tura matuƙansu Turai da Gabas ta Tsakiya. Kamfanin da dala ta yi wa ƙaranci kuwa, jarabar neman horo mafi araha tana bakin ƙofarsa kullum.

Akwai kuma batun yanayinmu. Sakkwato ba wurin wasa ba ce ga matuƙi. A hunturu ƙura na rufe titin jirgi, a bazara zafi na haura digiri 40 har iska ta yi sako-sako jirgi ya buƙaci doguwar gudu kafin ya ɗaga, da damina kuma hadarin gabas na tasowa da guguwa a gabansa. Ana iya saita na'urar kwaikwayo ta kawo duk waɗannan, in an ga dama, in kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta tsaya kai da fata sai an yi.

Shi ya sa nake ganin hukumar alhazan jiha, wadda ke ɗora dubban iyayenmu a jirgi daga wannan fili kowace shekara, tana da bakin tambayar kamfanin da aka ba ta: yaushe matuƙanku suka yi bita ta ƙarshe, a ina, kuma an gwada su a kan iska mai juyawa? 'Yan majalisar tarayya masu wakiltar Boɗinga da Shagari su ma suna iya kiran NCAA su yi mata wannan tambaya a zaman kwamiti, a rubuta amsar. Idan kuma gwamnatin jiha ta tashi ɗaukar nauyin yaranmu su koyi tuƙin jirgi, ta sa kuɗin shaidar samfuri a cikin kasafin tun farko, ta kuma nemi yarjejeniya da kamfanoni irin su Max Air da Rano Air kan samfurin da suke buƙata kafin yaron farko ya tafi Zariya.