KARATUN AKU BA ZAI FID DA YARAN LAFIYA KUNYA BA

Da zarar an ce jarrabawar shiga sakandare ta ƙarato, sai wayoyi su fara kaɗawa daga Lafiya zuwa Kurmi. Mai sayar da doya a Ikko, da mai gadi a Fatakwal, da ɗan tireda a Sabo ta Badun, duk saƙo ɗaya suke samu daga gida: a aiko da kuɗin lesin, da kuɗin littafin tsofaffin tambayoyi, da kuɗin rajista. Uba ya ƙuntata wa cikinsa ya tara ya aika, ya kwanta da murnar ya sauke nauyin da ke kansa. Abin da bai cika tambaya ba shi ne, wane irin ilmi ake saya wa ɗansa da wannan gumi nasa? Amsar ba ta da daɗin ji. Galibi hadda ake saya masa, hadda kuwa ba ta taɓa zama kimiyya ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Watanni uku ko huɗu kafin jarrabawa sai a tsare 'yan aji biyar da na shida bayan an tashi, cikin zafin rana da yunwa, malami ya ɗauko tambayoyin shekarun baya yana karantawa, yara suna amsawa da murya ɗaya kamar masu amshin waƙa. Yaro zai iya rattabo bayanin yadda ruwa yake zama tururi da Turancin da ba ya tuntuɓe, amma a tambaye shi dalilin da ya sa wankin uwarsa ya fi saurin bushewa da hunturu bisa ga damina, sai ya sunkuyar da kai. Ya san amsar tambaya ta goma sha biyu ita ce ta biyu a jeri, amma in mai jarrabawa ya juya tambayar ko ya sauya jerin, shi ke nan, an kwance masa zani a kasuwa. Wannan shi ne karatun aku, kuma shi ake kira shiri.

Lalle ne a san abin da ake yi wa shirin. Jarrabawar shiga kwalejojin Gwamnatin Tarayya, wadda aka ɗora wa hukumar NECO mai hedkwata a Minna, ta haɗa da lissafi, da kimiyya da fasaha, da Turanci, da gwajin kaifin basira. Jihar Nasarawa tana da irin waɗannan kwalejoji a Keffi, da ta 'yan mata a Keana, da ta sana'a a Doma, wadda ba ta da nisa da Lafiya. Abin da ake tambaya a ɓangaren kimiyya kuwa ba wani sihiri ba ne, darussan aji huɗu da biyar da shida ne: tsirrai da dabbobi, ƙasa da ruwa da iska, jikin ɗan Adam da tsabta, haske da zafi da lantarki. Karatun shekara uku ke nan ake so a ɗura wa yaro cikin wata uku. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan dabara, da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2013 jaridun ƙasar nan sun buga makin da aka yanke wa kowace jiha domin shiga kwalejojin Tarayya. An nemi ɗan Jihar Anambra ya kawo 139, ɗan Legas 133, ɗan Nasarawa 58, sa'an nan a wasu jihohin Arewa makin yara maza bai kai ko 10 ba. Akwai waɗanda suka ɗauki wannan a matsayin gata, suna cewa ai an tausaya wa Arewa. To, mazauna Kudu su ne suka fi kowa sanin ɗacin wannan gata, domin su ne ake yi wa gori da shi a cikin mota da bakin kasuwa. Rage maki yana buɗe wa yaro ƙofar makaranta, amma ba ya bin sa cikin aji. Ran da ya zauna benci ɗaya da wanda ya shigo da 139, malamin kimiyya ba zai tambayi jihar kowa ba kafin ya fara darasi. Bambancin kuwa ba na ƙwaƙwalwa ba ne. 'Ya'yan 'yan Arewa da suka tashi a Agege ko Idi-Araba suka sami makarantar kirki suna karawa da kowa. Bambancin yana cikin abin da aka yi da yaro tun yana aji huɗu.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne babu ɗakin gwaje-gwaje, babu kayan aiki, babu kuɗi. Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya a sakandare, amma a furamare rabinsa lalaci ne. Matan Keana sun shekara aru-aru suna tace ƙasa mai gishiri da ruwa, su dafa ruwan har ya ƙone ya bar gishiri a gindin tukunya. Darasin tacewa da na ƙafewar ruwa ke nan gaba ɗaya, irin wanda ake sa yara su haddace da baƙin Turanci. Gishiri cokali biyu da faranti da ranar Lafiya sun isa a nuna shi a farfajiyar makaranta. Gwangwani uku da ƙwayar wake, a shayar da ɗaya a sarari, a hana ɗaya ruwa, a kulle ɗaya cikin duhu, sun isa su koya wa yaro abin da tsiro yake bukata cikin mako biyu, kuma ba zai manta ba har ya tsufa. Kyandir da aka kifa wa kofin gilashi yana bayyana aikin iska. Batir da guntun waya da ƙwan tocila suna bayyana tafiyar lantarki. Mayen ƙarfe yana nan cikin lasifikar tsohuwar rediyo. Tsutsar sauro a kwalba mai rufin yadi za ta nuna wa yaro inda zazzaɓin da yake kayar da ƙanensa yake fitowa. Duka waɗannan ba su kai kuɗin lesin na wata guda ba. Gani ya kori ji, kuma yaron da ya gani da idonsa ba ya tsoron a juya masa tambaya.

Sai batun harshe, wanda shi ne ƙashin bayan haddar. Yaron da bai fahimci abin da malami yake faɗa ba, ba shi da mafita sai ya haddace sautin. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji, inda aka koyar da yara dukan darussan furamare, har da kimiyya da lissafi, da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuwa aka koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har ma sun fi su a darussa da dama. Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a furamare a 2022, ta kuma janye a 2025, amma wannan kai-komo na Abuja bai hana malami yin abin da hankali ya nuna ba. Lafiya gari ne na harsuna da yawa, akwai Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da sauransu, Hausa kuwa ita ce ta kasuwa da wasan yara. Malami ya bayyana abu da harshen da yaran suke ji, ya nuna musu shi a zahiri, sa'an nan ya ba su sunansa na Turanci wanda za su tarar a takardar jarrabawa. Suna yana zama daram in ya sami abin da zai zauna a kai.

Ba daidai ba ne a jibga wa malami laifin duka, domin shi ma da hadda aka yaye shi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilmin furamare kyauta a 1976, ƙasar nan take cika azuzuwa da yara da sauri fiye da yadda take horar da masu koyar da su. An sake ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, dokar 2004 kuma ta ware masa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. An yi gine-gine, an shafa fenti, an kafa alluna masu ɗauke da sunayen 'yan kwangila. Amma a 2017, da Jihar Kaduna ta gwada malamanta da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka nema ba. Kowace jiha ta Arewa ya kamata ta ɗauki wannan a matsayin madubi. Fenti ba ya koyar da kimiyya, malami ne yake koyarwa, shi kuwa malamin da ba a horar ba, ba a leƙa ajinsa, ba a biyansa a kan kari, littafin tsofaffin tambayoyi ne kaɗai sandar da zai dogara da ita.

Iyaye ma suna da nasu kason. Akwai masu alfahari da cewa ɗansu ya tsallake aji shida, wani ma tun daga aji huɗu aka yi masa rajistar jarrabawa, alhali kuwa shekarar da aka tsallake ita ce wadda take ɗaure karatun baya wuri guda. Akwai kuma, abin kunya, masu aiko da kuɗi domin a taimaka wa yaro a ɗakin jarrabawa. Uban da ya saya wa ɗan shekara goma sha ɗaya amsa ya koya masa darasin da zai fi kowane darasi zama a zuciyarsa, watau cewa sani ba shi da amfani in akwai kuɗi.

Abin da ake shirin asara ba ƙarami ba ne. Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Filato a 1996, ana yi mata kirari da gidan ma'adinai. A 2023 aka fara haƙar rijiyar neman mai a yankin Obi, a 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam a yankin Nasarawa, ga kuma Jami'ar Tarayya da ta fara aiki a Lafiya a 2011. Waɗannan wurare suna bukatar injiniyoyi da masana duwatsu da masu awon sinadarai, kuma za su same su ko daga ina ne. Tambayar ita ce, yaron da yake aji biyar yau a Lafiya, zai shiga ta ƙofar ofis ne, ko kuwa zai tsaya a bakin ƙofa da shebur yana jiran a ɗauke shi lebura a ƙasar kakanninsa?

Saboda haka ga abin da ya kamata. Hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha da sashen ilmi na ƙaramar hukuma su mai da horar da malaman kimiyya na aji huɗu zuwa shida aikin kowane hutu, da taimakon Kwalejin Ilmi ta Akwanga da jami'ar da ke garin, sufetoci kuma su riƙa tambayar gwajin da yara suka yi da hannunsu, ba yawan shafukan da suka kwafa kaɗai ba. A ajiye tsofaffin tambayoyi sai zangon ƙarshe, domin suna da amfaninsu wajen koya wa yaro kiyaye lokaci da cike takardar amsa, amma awo ne, ba abinci ba. Ƙungiyoyin 'yan asalin Lafiya da ke Ikko da Badun da Fatakwal, waɗanda ba sa rasa kuɗin biki da na kalanda, su ɗauki makarantar unguwarsu guda su cika mata akwati da batir da waya da madubi da ma'aunin zafi, su kuma wakilta wani a kwamitin iyaye da malamai ya riƙa kawo musu labari.

Uba kuwa, in ya je gida ko ya buga waya, kada ya tsaya ga tambayar na nawa yaro ya zo. Ya ce masa, "Me ka gani da idonka a makaranta wannan mako? Bayyana mini." In yaro ya buɗe baki ya yi bayani da harshen gida, to, kuɗi sun tafi inda ya dace. In kuwa ya rero Turanci ya tsaya cik, uba ya san abin da aka sayar masa. Ana iya sauya wa jarrabawa suna, ana ma iya soke ta gobe a kawo wata, amma yaron da ya fahimta zai ci kowace aka kawo, wanda ya haddace kuwa sai wadda ya haddace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.