Ƙusa Ba Ta Jin Laya

A makon jiya wani saurayi ya tsaya a gaban ɗakin cin abinci, ya haɗa ƙusoshi uku masu tsawon inci 6, ya naɗe bakinsu da ƙyalle, ya lanƙwasa su da hannu har suka koma kamar ƙugiya. Abin ya ƙayatar da ni. Amma abin da na ji daga bakin 'yan kallo ya ɓata mini rai. Wani ɗalibi, wai kuma mai karatun kimiyya, ya kada baki ya ce, "Wallahi wannan ya jiƙu, akwai abin da ya taka." Sauran duk suka gyaɗa kai. Har wani yana tambayar inda ake samun maganin!

'Yan'uwana ɗalibai, wannan abin kunya ne gare mu. Ƙusa ba ta san laya ba, lissafi kawai ta sani. Ƙarfin da ake bukata ya dogara ne ga kaurinta da tsawonta da irin ƙarfen da aka ƙera ta da shi. In an ninka kaurin ƙusa sau biyu, ƙarfin da zai lanƙwasa ta sai ya ninku kusan sau takwas. In an rage tsawonta, sai wuya ta ƙaru, domin hannu ya rasa wurin dannawa. Ƙusoshi uku da aka haɗa kuwa suna neman wajen ninki uku na ƙarfin guda ɗaya, ga kuma wahalar riƙe su kada su zame. Ƙyallen nan da wasu suka zarga, tafin hannu kaɗai yake karewa. Ko maƙerin ƙauyenmu ya san cewa ƙarfen da aka gasa aka bari ya huce a hankali yana yin laushi. Saboda haka mai hankali, in yana shakka, ƙusar zai bincika, ba ƙugun mai wasa ba.

Mu dubi waɗanda suka shahara a wannan fage. Joseph Greenstein, wanda aka haifa a Poland a 1893, yaro ne mai yawan ciwo, kuma ko da ya girma bai wuce ƙafa 5 da inci 4 ba. Duk da haka ya yi shekaru yana lanƙwasa ƙarafa a Amurka har ya rasu a 1977. Alexander Zass, sojan Rasha da aka kama a Yaƙin Duniya na Farko, da sarƙoƙi da ƙarafan kurkuku ya horar da hannunsa. A yau ma kamfanin IronMind na Amurka yana ba da shaida ga wanda ya lanƙwasa ƙusarsa mai suna Red Nail, mai tsawon inci 7, kuma John Brookfield ne ya fara samu a 1995. Sirrinsu ɗaya ne: a fara da siririya, a jure kanta da ciwon wuyan hannu, a ƙara kauri sannu a hankali.

Wani zai ce, mene ne na tada jijiyar wuya a kan wasan ƙusa? To, ba ƙusar ce ta dame ni ba, halin ne. Wanda ya ga gumin wani ya kira shi asiri ya zalunci mai gumin, sa'an nan ya ba kansa uzurin lalaci. Shi ne gobe zai ce wanda ya zo na ɗaya a jarrabawa rubutu ya sha. Jibi in ya kama aikin gwamnati, maimakon ya iya aikinsa, sai ya bazama neman wanda zai ɗaure masa ƙugu a yi masa ƙarin girma. Da irin waɗannan za a gina ƙasa?

Na nemi saurayin nan na ce ya nuna mini tafin hannunsa. Kanta ce tun daga gindin yatsu har wuyan hannu. Duk mai neman maganin, ga shi nan. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.